Haƙori Na Uku

"Buɗe da kyau, Yaya."

Laure ta buɗe baki iyakar yadda muƙamuƙinta ya yarda. Salwa, ƙanwarta, ta kusanto da 'yar na'urar da ke ɗaukar hoton zafin jiki. A wannan asibitin haƙori na Gesse ita kaɗai ta iya aiki da ita, kuma ba ta ɓoye alfaharinta. Inda ke da sanyi yakan fito shuɗi a allo, inda ciwo ke ci ya fito ja.

Munzali, mijin Laure, yana tsaye a bakin ƙofa da ƙarnin kifin Argungu a rigarsa.

"Likita, ki cire shi mu tahi. Kihi na can na jiran suya."

Salwa ba ta dube shi ba. Haƙoran duk shuɗi ne, lafiyarsu ƙalau. Jan yana cikin kumatun hagu, ya bi ƙashin muƙamuƙi har ƙarƙashin kunne. A gefen akwai gurabe biyu, na haƙoran da mai cirewa na kasuwa ya fizge bara, duk lokacin da fuskar ta kumbura.

"Ka jira mu waje," in ji ta.

Ya yi tsaki, ya fita.

*

"Wanga ba ciwon haƙori ba ne, Yaya. Hannun mai duka ne."

Laure ta gyara mayafinta. Ta daɗe tana kallon allon, kamar hoton bakin wata ne.

"Abin ga har wannan yake gani?"

"Yana gani. Ki zauna wurina Badariya, a duba ƙashin."

"Ɗiyana huɗu fa? Su ma ɗakinki za su kwana?" Ta sa yatsa a kan wani haƙori fari tas. "Cire wanga. In Inna ta ga kumburi, in samu abin da zan nuna mata."

"Ban yi karatu don in cire lafiyayyen haƙori ba."

"To, Allah shi yi wa karatu albarka."

Ta sauko daga kujerar a hankali, ta nemi takalminta.

*

Bayan sati guda Inna ta kira daga Augie, muryarta cike da murna.

"An cire ma yayarki haƙorin a kasuwa, kumburin ya sauka. Munzali da kansa ya kai ta, bawan Allah. Ke da na'urarki kin kasa."

Salwa ta buɗe baki. Hoton yana nan a wayarta, ja har kunne.

"Awo, Inna," ta ce. "Ki gaishe ta."