Gurbi na Goma Sha Bakwai

Shekara goma sha ɗaya Baba Mai Alli yana zana kasuwar manoma da hannunsa. Duk Asabar da sassafe zai shigo filin ajiye motoci na bayan makaranta da bokitin garin alli, ya duƙa yana ja wa kowa layinsa. Ba ya rubuta lamba, komai a kansa yake. Mai zuma can ƙarshe, don kada ƙudan zuma su kori masu saye. Mai latas a inuwar katanga. Masu tumatir biyu da ba sa ga-maciji kuwa, sai ya dasa mai kabewa a tsakaninsu, tunda shi kunnensa ɗaya ba ya ji.

Wuri guda ne ba ya ba kowa, taku huɗu kusa da famfo. In an tambaya sai ya ce hanyar baro ce, alhali baro bai taɓa bi ta nan ba. Nan matarsa take kafa teburin alayyafo, har Allah ya yi mata rasuwa shekara uku da suka wuce.

Ran nan ƙungiyar unguwa ta kira taro a wani aji. Sakatariyar ƙungiyar, wata matashiya mai tabarau, ta liƙa taswira a allo. Ta ce ranar kasuwa mai shagon burodi na bakin titi da tela da mai gyaran keke sun fi ciniki, kasuwar ta zama ta kowa, ta fi ƙarfin kan mutum ɗaya. Gara ƙungiya ta karɓi ragama, a ja layi da fenti, a sa lamba.

Baba na zaune a bencin ɗalibai, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Shi muƙamin bai dame shi ba. Kwana shida yake yi daga shi sai rediyo, Asabar ce kaɗai ake kiransa don ana buƙatarsa, kuma ita yake tsoron a raba shi da ita.

"Baba, ba ƙwace za mu yi ba," in ji Sakatariya.

"'Yata, fentin naki ya san wanda ke gaba da wani? Ya san inda rana ke sauka ƙarfe goma?"

Aka yi dariya, har ya fara gyara zama. Sai Mai Ƙwai ta miƙe, aminiyar marigayiya.

"Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Akwai wata mai karas, wata takwas tana tsayuwa a bakin titi da goyo, an ce mata ba gurbi. Ga taku huɗu a banza kusa da famfo. Duk mun san ba hanyar baro ba ce. Don kai muka yi shiru."

Ashe shekara uku tausayinsa ake ji, shi yana ganin wayo ya yi musu. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Da aka ce masu goyon bayan ƙungiya su ɗaga hannu bai waiga ba, ya zuba wa allin da ke ƙarƙashin farcensa ido.

Asabar ta zagayo. Ya tashi kan lokaci, ya ɗauki bokiti har ya kai bakin ƙofa, sannan ya tuna. Sai da hantsi ya yi ya tafi, da 'yar jaka irin ta masu saye.

An ja layuka da fenti ruwan ɗorawa. Mai zuma ya faɗo tsakiya, mata na ta kore ƙudan zuma da mayafi, kuma a gaskiya Baba ya ɗan ji sanyi a ransa. Amma kasuwa ta cika maƙil, ba abin da ya tsaya don babu shi. Kowa ya ce, "Baba, ya hutu?" ya juya ga cinikinsa.

Kusa da famfo an rubuta 17. Mai karas ɗin na fama da teburinta, yana ta rawa, karas na gangarowa ƙasa. Baba ya duƙa, ya zura hannu bayan famfo, ya zaro wani faffaɗan dutse da ya yi gansakuka, ya tura shi ƙarƙashin ƙafar hagu. Tebur ya tsaya cak.

"Ikon Allah! Baba, ya aka yi ka san da dutse a nan?"

"Wurin ne haka, yana da gangara."

Ya sayi ƙulli ɗaya, ko da yake haƙoransa sun daɗe da sallamar karas. Ta sa masa a jaka tana murmushi.

"Yau ka fara zuwa ko? Ka riƙa leƙowa, Baba. Kasuwar nan akwai mutanen kirki, za ka saba da su."

Ya ce mata to. Ya tsaya kaɗan ko wani zai kira shi, sannan ya kama hanyar gida.