Wa Zai Ce Amin?

Baba Mai Agogo bai taɓa ce wa addu'arsa Amin ba. Ba taurin kai ba ne, ko da yake yana da shi daidai gwargwado. Tsari ne da suka yi da matarsa tun suna ango da amarya, ranar da suka karanta a Linjila cewa in mutum biyu suka yarda a kan abin da suke roƙo, za a yi musu. Shi ke nan suka raba aiki. Kowace safiya ita ta karanta aya, shi ya yi addu'a, ita ta rufe da Amin. Takan ce, "Kai ka kawo roƙo, ni in sa hannu."

Sai ga mai sa hannu ta riga shi tafiya.

Da 'yan gaisuwa suka watse, aka mayar da kujerun aro, Baba ya durƙusa a bakin gado kamar kullum. Ya yi addu'arsa tsaf har ya kai "cikin sunan Yesu", sai ya yi shiru yana jira. Agogunan mutane da ke rataye a bango suka yi ta ƙas-ƙas. Can sai tari daga ɗakin maƙwabciya.

Wata tsohuwa ce da ke haya a ɗakin da ke manne da nasu, bangon kuwa ba shi da kauri. Marigayiya ce ta raɗa mata Mai Tari, bayan sun yi cacar baki a kan igiyar shanya, kuma tun daga ranar gaisuwa ma sai da ƙyar. Ciwon ƙafa ya hana tsohuwar zuwa coci. Ba mai zuwa wurinta, ita ma ba ta zuwa wurin kowa.

Baba ya kai kukansa wurin Fasto. Fasto ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai Amin ba ta da mai ita. Ka faɗa da bakinka, Ubangiji yana ji."

Faɗa da sauƙi! Baba ya gwada, ya ji kamar ya yi wa kansa sallama ya amsa. Kunya ta kama shi, shi kaɗai a ɗaki.

Sai ya koma kiran 'yarsa da ke aure a wani gari. Ya ɗora waya a kan matashi, ya durƙusa. "Baba, yi sauri-sauri, yara za su makara," in ji ta. Yana tsakiyar roƙa wa mijinta lafiya ta jefo Amin ta kashe. Ba a daɗe ba, wayar ta riƙa ƙara har ta gaji ba a ɗauka. Bai ga laifinta ba, mai 'ya'ya ba ta da safiya. Amma ya ji zafi.

A shago yakan sa madubin ido ya sunkuya a kan agogo, hankalinsa na can wurin addu'o'insa. Gani yake duk suna nan jibge, kamar agogunan da ya gyara masu su ba su dawo karɓa ba. Addu'ar ta fara gajarta. Kaɗaici ya ci shi har ƙashi, ga na gida, ga na sama.

Wata safiya ya buɗe Linjilar marigayiya, ya bi layi da yatsa, ya karanta da ƙarfi wurin da aka ce a ƙwanƙwasa za a buɗe. Ya rufe, ya durƙusa.

"Ubangiji, na gaji," ya ce. "Kai ka ce biyu, kai kuma ka ɗauke ɗaya. Daga yau ba zan ƙara damun ka ba, tunda ba mai sa mini hannu. Ita dai ka riƙe mini ita da kyau. Cikin sunan Yesu."

Ya dafa gado zai miƙe, sai ya ji an buga bango.

"Amin ga na ƙarshen," in ji Mai Tari daga ɗakinta. "Na farkon ban yarda ba."

Baba ya juya ya fuskanci bangon.

"Shekara da shekaru, in kun fara nakan sauko daga gado in bi ku," ta ce, tari na katse ta. "Ibadata ke nan, ba ni da wata. Kullum matarka ke riga ni, sai in faɗi tawa a zuci. Da ta tafi na ji nauyi, kar a ce na gaje wurinta. Amma in ka daina, maƙwabci, ni wa zan bi? Gobe ka ɗaga murya. In da hali kuma, ka sa ni a ciki."

Baba ya tuna jerin waɗanda yake ambata kowace safiya: 'yarsa, jikoki, Fasto, marasa lafiya, matafiya, har waɗanda bai taɓa gani ba. Ta ji su duka, ta ce wa kowa Amin.

Bai bar wa gobe ba. Ya gyara durƙuso, ya buɗe baki, sai ya tsaya. Ya jingina goshi da bango.

"Baiwar Allah," ya ce, "yaya sunanki?"