Gaisuwar Malam Gambo

"Rubuta masa ka ce ina gaishe shi," in ji Malam Gambo, yana gyara zama a kujerar roba kamar wanda ya zo ɗaurin aure.

Idrisa mai shagon intanet ya buga. Fadima na tsaye a bayan surukinta da 'yarta Baiwa a goye, zafin jikin yarinyar na ratsa zani. Da safe likita ta auna damtsen Baiwa, ta ce tamowa ta ci ƙarfinta, sai an kai ta Damagaram. Motar asibiti za ta tashi da sha biyu. Tsoho kuwa ya kafe, wai jikarsa ba ta barin Matameye sai da yawun ubanta.

Uban, Lawwali, yana Legas cin rani tun da gero ya ƙone a tsaye. An sace masa waya, amma yana gadin wani shago irin wannan, kuma akwai ɗan shafin hira marar nauyi da ke buɗewa ko layi na rarrafe. Ɗigon gefen sunansa kore ne, alamar yana nan.

Amsa ta ɗauki minti uku kafin ta iso. "Ya ce yana amsawa, Malam."

"Madalla. Tambaye shi gajiya."

Bayan gajiya aka tambayi aiki, bayan aiki aka tambayi baƙunta. Rediyon shagon na ta karanto sanarwar sojoji kan rabon hatsi, agogon bango ya wuce sha ɗaya da rabi. Fadima ta cije leɓe har ta ji gishiri. Shekara bakwai ba ta taɓa ɗaga murya gaban mutumin nan ba, yau kuwa ji take kamar ta fizge kujerar daga ƙarƙashinsa.

"Malam," Idrisa ya ce a hankali, "wutar kuran na iya ɗaukewa fa. A faɗi abin da ya kawo ku."

"Kai, ɗan zamani! Ana shiga gida ta kan katanga? Tambaye shi mutanen ƙauyen Dawce da suke tare."

Mutanen Dawce ma lafiya. Sai rubutu ya sake fitowa, Idrisa ya karanta: "Ya ce yaya gida, yaya Baiwa?"

Fadima ta matso kusa. Ga ƙofa ta buɗe da kanta.

"Ce masa lafiya lau," in ji tsohon.

Yatsun Idrisa suka tsaya. "Malam..."

"Gaisuwa ce, ba a amsa ta da mugun labari. In mun gama sai a faɗa masa sannu-sannu, kada hankalinsa ya tashi a ƙasar mutane. Rubuta!"

Ya rubuta. Minti biyu, uku, sannan amsa ta zo. Idrisa ya karanta ba tare da ya ɗago ba: "Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Maigida na kirana, sai wani jiƙon." Ɗigon ya koma toka-toka.

Malam Gambo ya leƙa gilashin kwamfutar. "Kira shi ya dawo mana."

"Ya fita, Malam. Ba yadda zan yi."

Haushi ya turnuƙe Fadima har idonta ya rufe. Minti arba'in! An gaida kowa a Legas, saura karnukan unguwa, 'yarta kuwa ko kuka ta daina. Ta kwance majanyi, ta ƙara ɗaure shi tamau, ta durƙusa kamar yadda ta saba, amma wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba.

"Baba, ni na tafi."

"Ina? Ai bai ba da izini ba tukuna."

"Izinin kai marar lafiya aka zo nema. Kai kuwa da bakinka ka ce masa lafiyarta lau." Ta miƙe. "In ya sake tambaya, a gaya masa haka nan. Mai lafiyar ce zan kai Damagaram."

Ta fita cikin rana, ta nufi asibiti da sassarfa. Tsohon ya buɗe baki zai kira ta, sai ya ga ƙafafun Baiwa na reto a bayanta, sirara kamar karan dawa, ya rufe bakinsa.