Gitar Mutari Mai Ruwan Azurfa

Mutari ƙanena ne, amma gaskiya ɗaya ce: tun da ya ji gita a rediyo hankalinsa ya bar gidanmu. Babanmu Maiwada mai gurmi ne, daga Dungas har Guci ba a biki ba shi, kuma kiɗan gado ne. Ga ɗa namiji tilo, wai shi kiɗan zamani zai yi. Baba bai yi faɗa ba. Shiru ya yi masa, shirun Baba kuwa ya fi bulala ciwo.

Da hannunsa Mutari ya sassaƙa gitar. Ya fafe icen danya, ya rufe fuskar da fatar akuya don bai sami falanki ba, ya ɗaura wayoyin birkin keke. Sauti kam tana da shi. Kyau ne babu, sai ka ce akushi aka sa wa wuya. Babu abin da yake so a duniya irin Baba ya ɗauke ta ko sau ɗaya ya ji muryarta. Baba kuwa in ya tarar da ita jingine a zaure, kewaye ta yake yi ya wuce.

Shekarar da aka farfaɗo da samariya, ƙungiyar matasan nan, aka sa wasa a garin Magariya, aka ce Mutari na cikin masu zuwa. Yalwa direba, abokinsa, ya kawo masa wani gwangwanin fenti daga Kano, wai ba a shafa shi, fesawa ake yi. Ranar tafiya da hantsi ina tsakar gida ina suyar ƙuli-ƙuli, Mutari ya rataye gitar a reshen dalbejiya, ya girgiza gwangwanin, ya danna.

Wallahi sai da na saki matsami. Akushin nan da muke wa dariya ya koma azurfa, yana walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna salati. Warin dai ba daɗi, kamar an zubar da fetur, amma wa ya kula? Mutari ya ga abin ya karɓe ta, sai ya ƙara fesawa, ya ƙara, har gwangwanin ya ƙare. Zuma da zaƙi, ai mai sha ba ya cewa ya isa.

Da ya sauko da ita ya taɓa waya, sai muka ji wani "bub". Fatar ta sha fenti ta saki, murya ta mutu. Fuskar yaron nan ta ba ni tausayi. Ga mota za ta tashi bayan azahar. Ya ajiye gitar a kan tabarma, ya fita da gudu neman Yalwa ko ya san dabara.

Ashe Baba na ƙarƙashin rumfa yana kallon komai. Ya tashi, ya zo ya tsaya a kanta. Sai na ga ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu biyu. Daɗi ya kama ni. Ya danna fatar da babban yatsa.

"Fata ce ta yi sanyi," in ji shi. "Matsa mini, Kande."

Haka yake wa gurminsa duk damina, in raɓa ta sa fata ta saki sai ya kara ta a wuta ta ɗame. Tun ina goye nake ganin wannan, don haka na matsa. Ya tsuguna gaban murhu ya miƙa ta.

Ko juya ta bai yi ba wuta ta tashi gaba ɗaya, daga ciki har wuya. Na ƙwala ihu.

"Baba, jefar! Jefar da ita!"

Bai jefar ba. Ya rungume ta yana kashe wutar da tafin hannunsa, fentin yana narkewa yana manne masa a yatsu. Na sunkuci tulu na juye musu ruwa. Matan kan danga suka cika gidan da kururuwa.

A haka Mutari ya shigo. Gitar ta yi baƙi ƙirin, fatar ta fashe, wayoyin sun nannaɗe. Ko kallonta bai yi ba. Hannuwan Baba yake kallo, yatsun da suka ciyar da mu duk sun saɓule. Ya durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah me ya hana ka yar da ita? Ice ne fa!"

Baba ya cije leɓe, gumi na zubo masa. Da ƙyar ya ɗaga kai ya dube shi.

"A ina ka taɓa ganin makaɗi ya yar da kayan kiɗan ɗan'uwansa makaɗi a ƙasa?"

Mutari ya kifa kai a gwiwar Baba ya fashe da kuka. Muna jin Yalwa yana ta danna odar motarsa a bakin kasuwa, babu wanda ya motsa.