Ranar da Jiri Ya Saki Baba Maliki

Isuwa yana tsugune yana wanke tayar motarsa sai ya ji buta ta faɗi a bayansa. Kafin ya waiwaya, Baba Maliki, tsohon da gidansu ke jikin nasa, ya riga ya rungume bangon zaure da hannu bibbiyu, idanu a runtse.

"Tare ni, ɗana. Ƙasag ga ta soma."

Isuwa ya yar da soso, ya tallabe shi ya zaunar a kan dakali. Tsohon ba nauyi, daga ƙashi sai riga. Wata biyar ke nan jiri ya sa shi a gaba. In ya miƙe daga zaune, ko ya ɗago daga ruku'u, kai, ko juya kai ya yi don amsa sallama, sai garinsu Gwadangaji kaf ta ɗauki juyawa, kunnen hagu yana ƙugi, zuciya tana tashi. Likita ya ce abu biyu ne suka haɗu: shekara arba'in na nutso a gulbin Argungu sun taɓa cikin kunne, ga kuma zuciya ta gaji, jini ba ya kaiwa kai da wuri in ya tashi. 'Yar tsohon, Balaraba, wadda ta ɗauko shi daga Argungu ta ajiye a wurinta, ta kafa doka: daga ɗaki sai dakali.

Isuwa kuwa jigilar fasinja yake tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Kullum da safe tsohon ne ke sallamarsa da "Allah shi kiyaye hanya," da yamma kuma ya tare shi da tambaya ɗaya, "Ina ruwa ya kai?" Shi kuma gogan, da bai taɓa wuce tasha ba, sai ya ce ya ƙaru ko ya ragu, duk wanda ya fara zo masa baki.

Ran nan da jirin ya lafa, tsohon ya buɗe ido ya ce, "Na san ba ka zuwa bakin gulbi, Isuwa. Cikin rani ka ce mini ruwa ya ƙaru." Ya yi 'yar dariya. "Ban ji haushi ba. Amma ka kai ni in gani da idona, ko sau guda."

Kunya ta rufe Isuwa. Bai kai ga amsawa ba Balaraba ta leƙo daga zaure.

"Malam Isuwa, kada ka biye mai. Mutumin da ba ya iya kai kansa masallaci? In ya faɗi a hanya, mi za ka ce mini?"

Shi ma Isuwa abin da yake tsoro ke nan. Kwana uku tsohon bai sake tambayar ruwa ba, addu'ar safe kawai yake yi. Wannan shirun ya fi komai damun Isuwa. Ashe ita ma Balaraba ya dame ta. Ran Alhamis da hantsi sai ga ta da matashi da gorar ruwa da magani a ƙulle.

"Ni ba zan iya kallo ba," ta ce, idonta ya yi ja. "Amana ce na ba ka. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka maido mini shi."

Isuwa bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Ya kwantar da kujerar gaba, ya riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har masu babur suna wuce shi suna yi masa tsiya. Sau biyu suka tsaya tsohon ya yi amai a gefen gonakin shinkafa. A na biyun Isuwa ya ce su koma.

"Gaba," in ji Baba Maliki, ido a rufe.

A bakin gulbi suka iske Abdussamadu, tsohon abokin kamun kifinsa, yana gyaran raga. Abdussamadu ya dubi tsohon, sai ya jawo kwalekwale. Su biyu suka ɗaga shi suka zaunar a tsakiya. Isuwa, da bai taɓa shiga ruwa ba, ya bi su don amana.

Suna barin gaɓa kwalekwale ya soma rausaya. Jiri ya ɗebi Isuwa, gaɓa ta karkata, gumi ya keto masa. Yana ɗagowa ya ga abin mamaki. Baba Maliki na zaune tsaf, ido a buɗe tar, yana juya kai dama da hagu, yana nuna wa Abdussamadu gurbin da suka taɓa kama giwan ruwa.

"Baba, jirin fa?"

"Nan ba shi da wurin zama. Can ƙasa tana tsaye, kaina yana cewa tana tahiya. Nan kuwa duka muna tahiya tare." Ya dubi Isuwa ya kwashe da dariya. "Dubi direba! Dafa kafaɗata, ɗana. Kada ka kalli ruwa, kalli itacen can nesa."

Isuwa ya dafa. Kafaɗar ba ta ko motsa ba. Tsohon ya sa hannu ya ɗebi ruwa, ya wanke fuska, ya ce, "Alhamdu lillahi. Na gode, Isuwa."

Kafin la'asar Isuwa ya maido shi gida, yana ta barci a kan matashi. Kwana tara bayan nan, ran Asabar bayan azahar, Baba Maliki ya cika a ɗakinsa.

Da Isuwa ya shiga gaisuwa, Balaraba ta share hawaye ta ce, "Kwana taran nan ba abin da yake ba mu sai labarin yadda ka rirriƙe shi cikin jirgi. Dariya yake har ya yi tari. Allah shi saka maka."

Isuwa ya amsa da amin. A ransa, shi ne ke da godiya.

Yanzu duk sanda ya sauke fasinja a Argungu sai ya gangara bakin gulbi ya tsaya ya duba. Jiya da yamma ya faka mota a ƙofar gida, ya kashe inji. Dakalin yana nan a share, butar tana jingine da bango. Ya daɗe a zaune, sannan ya ce a hankali, "Ya ragu, Baba. Yashi ya soma fitowa."