Memorin Malam Ishiyaku

Kwana arba'in da rasuwar Malam Ishiyaku, matarsa Ikilima tana zaune a ɗakinta a Zinyau, cikin takaba, tana kallon bakinsa yana motsi a waya. Bidiyo ɗaya tak ya bari a duniya, na ranar saukar ɗalibansa, yana addu'a. Hoton tangaran yake fitowa. Murya ce babu.

Masu zuwa gaisuwa kowa da maganinsa. Wata ta ce sifikar wayar ce ta mutu, alhali karatun Alƙur'ani na tashi a cikinta raɗau. Wata ta ce ishara ce, ba a son a riƙa tayar da mamaci. Ikilima dai ta san shekara talatin da ɗaya tana jin muryar nan ba ta gundure ta ba.

'Yarta Suwaiba ta sauke wata manhajar kallo. Hoton ya tsaya cak, Malam ya ɗaga hannu ya ƙi saukewa. Ta sauke wata, allon ya yi baƙi ƙirin.

"Inna, sautin yana nan, wayar ce ba ta iya karanta shi. Masu kwamfuta a Rano za su iya juya shi."

Mai takaba ba ta zuwa kasuwa. Ikilima ta cire memorin wayar, ta ƙulle a takarda, ta ba ƙanenta Shitu.

"Ka yi wa mai shagon bayani da bakinka."

"Haba Yaya, sai ka ce wani yaro."

Shitu ya tarar da shagon Tajuddeen mai tura fina-finai cike da mutane. A kan teburin akwai kwanon da ake ajiye memori, kowa ya rubuta sunansa a takarda. Ƙa'idar kwanon kuwa duk Rano an sani: a goge tsohon kaya, a zuba sabo. Shitu ya jefa nasa a ciki.

"Na yayata ne, tana takaba. Bari in sayo taki in dawo."

Tajuddeen mutumin kirki ne. Ya goge, ya cika mata shi taf da wa'azin haƙuri, ya ce ba zai karɓi ko sisi ba.

Da la'asar Shitu ya dawo. A bakin ƙofa ya tsuguna, ya kasa shiga.

"Na koma, Yaya. Ya ce da bai zuba sabo a kai ba, da an ceto shi."

Suwaiba ta sa memorin, ta duba sama da ƙasa har sau uku. Wa'azi sittin da biyu ne, kowanne sautinsa garau.

"Wanda ya ɗauki bidiyon fa?" in ji Shitu. "Ko yana da shi?"

"Wayarsa ta ɓace tun bara, Kawu."

Ikilima ta karɓi wayar ta kife a kan tabarma.

"Tashi ka je gida, Shitu. Kar takinka ya jiƙe, ga hadari can."