Kofunan Inna Mai Ganye

"Na ce na sha, Inna! Wallahi na sha!"

Ina kan keken ɗinki, ga ta tsaye a ƙofa da kofi yana tururi. Karo na huɗu ke nan tun safe. Inna Mai Ganye maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu, kuma ta cika mana baranda da gwangwanayen fenti da ta shuka maramiyya a ciki, wani ganye mai ruwan toka, mai laushi kamar kunnen zomo.

"Yaushe kika sha? Maƙogwaronki fa."

Maƙogwaron nan bara ya yi ciwo. Bara! Ta dafa min ganyen na kurkure kwana uku ya sake ni, ban musa ba. To, na jawo wa kaina. A wurin Inna maramiyya maganin komai ce: kumburin ciki, dasashi mai jini, gumin da ke damun mata in shekaru sun ja. Ita kuwa don mantuwa take sha. Sai dai takan manta ta sha, ta sake ɗora tukunya.

Na karɓa na ajiye a taga kusa da 'yan'uwansa uku. Ta bi su da kallo, fuskarta ta sauya.

"Duk ni na kawo?"

"A'a, aljanu ne."

Ta kama hannuna. "Don Allah kada ki faɗa wa Nas."

Nas 'yarta ce, tana aikin asibiti a wani gari mai nisa, kuma ta riga ta ce ran da mantuwar ta yi yawa za ta zo ta ɗauke ta.

"Shekara arba'in da ɗaya ina ɗakin nan, 'yar nan. Nas can hawa na biyar take a bene, ko ƙasar cika gwangwani babu. In na bar nan, sunana ma zan manta."

Wata biyu ina rufa mata asiri. Nas ta kira, in ce, "Garau take." Har ranar da ina yankan yadi na ji ƙauri. Na shiga ɗakinta da gudu, tukunya ta ƙone ƙurmus, labule ya fara ci, Inna kuwa tana baranda tana tsinke busasshen ganye tana 'yar waƙarta. Na kashe wutar da bokiti biyu, ga 'yan biyuna suna barci a bayan bangon nan. Na kwashe mata ashana, na kira Nas.

"Asabar zan zo da mota, Anti," in ji ta.

Ran Laraba Inna ta leƙo, hannunta babu kofi.

"Ke kika faɗa, ko?"

"Ni ce. Saura ƙiris ki babbake mu."

"Kin kyauta." Ta juya ta tafi.

Raina ya ɓaci har na ɗinka hannun riga a baibai. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga ta da kofi tana murmushi, ashe ta ari ashana wurin mai aski na ƙasa.

"Maƙogwaronki fa."

Haba, Inna! Ko fushin ma ba za ki riƙe min ba, in san na biya?

Ran Juma'a da hantsi na dawo daga kai yara makaranta na tarar da kofi a bakin ƙofata, an rufe shi da faranti. Na ɗora shi a taga na nufi ɗakinta da faɗa a bakina. Jakar da na haɗa mata jiya ta zazzage ta tas, kowane zani ya koma kan ƙusarsa. Ita tana zaune a kujerarta, buta a cinya, ruwa na ɗiga kan siminti.

"Inna, wa ya sake ba ki ashana? Inna?"

Na taɓa kafaɗarta, butar ta faɗi. Ashe rai ya yi halinsa.

Nas ba ta jira Asabar ba, ta iso ranar da la'asar a motar da ta ɗauko don kaya. Ta daɗe tana kallon zannuwan nan a kan ƙusa, sannan ta ce, "Ta yi mana wayo, Anti."

"Taurin kai dai," na ce.

Da za ta koma bayan kwana uku ta nuna baranda. "Ki riƙe su, ni ba ni da inda zan sa." Gwangwani goma sha ɗaya! Ni da ƙamshin ma ya fita raina.

Na shiga ɗaki, kuka ya sa muryata ta dishe, yawu ma da ƙyar nake haɗiya. Kofin yana nan a taga da farantinsa, ban iya zubarwa ba. Sai yanzu na zubar na wanke shi, na fita baranda na tsinko ganye biyar yadda take yi, na ɗora ruwa na zauna ina jira ya tafasa.